Yashin Ada da rigar Oga

Abokan aikin da muka yi yawon makarantun Nima da Mamobi a Akara tare sun dame ni da tambayar me ya sa na ajiye aikin koya wa yara darasin gaɓar teku a ƙungiyarmu. Ba yaran ba ne. Su kam da za a bar ni da su, da har gobe ina nan.

Kun dai san Oga, shugabanmu a wurin aiki. A wurinsa, darasin gaɓar teku shi ne a sa wa yara rigar ƙungiya, a tsinci ledojin fiya wata, a jera buhuna, a ɗauki hoto a tura wa masu ba da kuɗi. Ni kuwa so nake yaro ya tsuguna ya tona. Ɗan zango da aka haifa a Akara, teku na kusa da shi, amma yashi a ganinsa kayan gini ne kawai. Sai ka nuna masa ramin ƙaguwa, wadda launinta ya saje da rairayi, da 'yan ƙananan halittu masu ɓawo da ke nutsewa cikin jiƙaƙƙen yashi da zarar igiyar ruwa ta janye. Nan take surutu ke ɗaukewa. A garin Ada, inda Kogin Bolta ke shiga teku, na gaya musu kunkurun teku na fitowa da dare ta haƙa rami ta binne ƙwai, su yi kamar wata biyu kafin su ƙyanƙyashe, kuma zafin yashin ne ke sa a samu mata ko maza: in ya yi yawa, mata sun fi. Wata yarinya ta dafa ƙasa ta ce, "Malam, wannan na mata ne." Oga ya ce ina ɓata lokaci, rana za ta ɓata hoto.

Inda muka raba gari shi ne maganar masu ɗibar yashi. Ya tsaya gaban aji ya ce duk mai kwasar yashi a bakin teku ɓarawo ne, maƙiyin ƙasa. Ɗibar tana jawo zaizaya, ba musu. Amma ba ita kaɗai ba: tun da aka kammala madatsar Akosombo a kan Kogin Bolta a 1965, yashin da kogin ke kawowa gaɓa ya ragu, kuma teku ta ci gidaje a garin Keta da ke gabas da Ada har da ɓangaren tsohuwar ganuwar Turawa. Akwai yaron da mahaifinsa direban tifa ne. Ya sunkuyar da kai, bai sake zuwa ba. Da na yi magana a ofis, sai aka ce ba ni da ladabi. Rahoton ƙarshen shekara ya fito da darasin kunkuru kalma da kalma, da sunan Oga a kai. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Ga wanda zai gaje ni: duba lokacin janyewar ruwa kafin ka ɗauko yara. Kar kowa ya shiga teku, jan ruwan gaɓar nan ba ya wasa. Nemi izinin masunta kafin ka ratsa tsakanin jiragensu. Kuma duk abin da ka rubuta, ajiye kwafi a wayarka, da kwanan wata.