Asabar, da mil biyun da aka tono daga cikin bola

Yau dai Allah Ya yi, mun je jirgin hayaƙin nan da Auta ya ishe mu da zancensa. Hanifa ta so noƙewa, wai ita ta girmi irin wannan fita, amma da ta ga ina ƙulla dambun nama da cincin sai ga ta da takalmi a ƙafa. Abbansu ya dawo daga aikin dare idanu jajir, na ce ya kwanta abinsa, mu uku mun isa.

Daga East Croydon, a nan Landan, muka hau jirgin yau da kullum zuwa garin East Grinstead. Muna sauka muka ɗan taka, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ga jirgin Bluebell, tsohon jirgin ƙasa mai kwal da 'yan sa-kai suka farfaɗo, a tsaye yana huci. Auta ya fizge hannunsa ya ruga wajen kan jirgin. Mai zuba kwal ya buɗe masa bakin murhun ya leƙa, zafin ya bugo mu har inda nake tsaye. Taragonmu na katako ne, tagar ma da wani ɗamarar fata ake sauke ta, ka ja ka maƙala a ƙusa.

Ba mu daɗe da tashi ba wani dattijo mai duba tikiti ya shigo, gashi fari fat, hular aiki a kai. Ya huda tikitinmu, har ya juya zai wuce sai ya tsaya ya ce, "Da mota kuka zo ko da jirgi?" Na ce da jirgi, mu ba mu da mota. Wallahi sai fuskar bawan Allahn nan ta washe. Ya zauna a bakin kujerar da ke kallonmu ya ce, "To, don ku muka yi tonon."

Ban gane ba. Lokacin mun gama haye doguwar gadar jan bulo ta Imberhorne, mai baka goma, jirgin ya shiga tsakanin wasu gangare biyu masu ciyawa. Ya nuna su da yatsa. Ya ce nan da muke wucewa, da can shara ce cike har sama. An rufe layin a 1958, aka cire ƙarafan dogo, sai hukumar yankin ta ga ga rami a banza, tsawonsa kusan rabin kilomita, zurfinsa wajen mita 9. Ta mai da shi bola. Shekarun 1960 da na 1970 motocin shara na juye kayan gidajen mutane a ciki har ya shafe.

Su kuma 'yan sa-kai tun 1960 suka farfaɗo da guntun layin daga can ƙasa, wajen Sheffield Park. Da farko suna haɗe da babban layi ta Horsted Keynes, amma a 1963 aka rufe wannan reshen ma, suka zama a yanke. Duk kan jirgin da za a kawo musu sai dai a ɗoro shi a bayan tirela. Suka riƙa turowa arewa a hankali, suna sayen filin guntu-guntu daga hannun waɗanda aka sayar wa, har suka kai Kingscote a 1994. Saura mil biyu kacal su taɓa East Grinstead. Mil biyun nan sai da suka ci shekara 19. Mai zuwa da jirgi a wancan lokacin sai ya sauka ya nemi bas.

Na tambaye shi yadda aka yi da sharar. Ya ce da jirgin kaya aka riƙa fitar da ita, tarago bayan tarago, zuwa wata bolar mai nisa, kuma ko wane jirgi kuɗi ne tsababa. Ga wa'adi a kansu: daga Afrilun 2012 rangwamen harajin zubar da shara zai ƙare, abin da bai fita ba kafin nan kuɗinsa zai ninka ya fi ƙarfinsu. Sai suka shiga roƙon jama'a, fam goma-goma, har cikin taragon nan ake zagayawa ana karɓa. Bai yi ta yabon kai ba. Ya ma faɗa mini ba duka aka kwashe ba, an bar wata a gefe an lulluɓe da yumɓu, ita ce ƙarƙashin ciyawar da nake kallo. Hanifa ta yi saurin janye kanta daga taga.

Ranar 23 ga Maris 2013 jirgin fasinja na farko ya ratsa, ana zuba dusar ƙanƙara. Ya ce wasu daga cikin waɗanda suka fara aikin tare ba su ga ranar ba. Daga nan ya miƙe, ya gyara hularsa, ya shiga tarago na gaba.

Sauran tafiyar daɗi. Ramin ƙarƙashin ƙasa na Sharpthorne, duhu ɗiɗim, hayaƙi ya shigo ta taga, Auta na ihu don murna. Ɗan garin kwal ya faɗa masa a ido, na hure. A Sheffield Park muka ci abinci, na samu lungu na yi azahar. Hanifa ta tsaya karanta labarin Madge Bessemer, matar da, lokacin da aka fara rufe layin a 1955, ta je ta tono tsohuwar dokar da ta wajabta jirage huɗu kullum, dole aka sake buɗe shi a 1956, kafin rufewar 1958. Ta ɗauki hoton rubutun, ta ce za ta kai makaranta. Mun dawo gida kafin magariba, kayanmu duk warin hayaƙi.

Sai Yaya ya biyo kawo saƙon Anti. Ina ta ba shi labari da zumuɗi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Maman Hanifa, wannan ai wasan masu ƙoshi ne. Miliyoyin fam a kwashe shara don jirgin da ba ya kai kowa wurin aiki? Da asibiti aka bai wa."

Maganar nan ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ba wai ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Tikitin ba arha, na ji a jikina da na biya na mutum uku, kuma babu wanda ke hawan jirgin nan don zuwa ofis. Amma Yaya yana da mota. Duk inda ya ga dama a ƙasar nan zai kunna ya tafi, bai san yadda wuri yake zama kusa da kai amma ya gagare ka ba. Ni da yara biyu da jakar abinci, in an ce sai na sauka na jira bas a garin da ban sani ba, to maganar gaskiya ba zan je ba. Mil biyun nan su ne bambancin mu je da mu zauna a gida. Kuma yawancin kuɗin ba a ƙwace daga hannun kowa ba, mutane ne suka ciro daga aljihunsu da son ransu, wasu suka haɗa da Asabar ɗinsu ta shekara da shekaru.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba Yaya ba ne. Sauƙin cike ramin ne. Wani ya zauna a ofis ya sa hannu, direbobi suka yi ta juyewa suna komawa gida cin abincin rana, ba wanda ya yi nufin sharri. Warware wannan kuma sai da ya ci ƙarfin tsofaffi da yawa. Tun ɗazu nake tuna ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos da marigayi Kaka ke ba mu labari, wanda aka yi don jigilar kuza, aka rufe a 1957, shekara guda kafin wannan. Kaka ya hau shi, yana iya jero tashoshinsa da ka. Ni ko ɗaya ban riƙe ba, kuma wannan na damuna a daren nan fiye da yadda na zata.

Na tura wa Baba saƙon murya na tambaye shi ko ya san ta inda layin ya bi daga Zariya, da ko akwai sauran wanda ya yi aiki a kansa a dangi. Dare ya yi a can, sai da safe zai ji. Yaya kuwa na ce masa hutunsa mai zuwa ya ajiye motar nan ya biyo mu ta jirgi tun daga Croydon, ni zan biya masa tikiti.