Canjin da aka dawo mini da shi

Yau a kasuwar riɗi ta Gadarif, a Sudan, wani dattijo Kirista ɗan duwatsun Nuba ya biyo ni da gudu, yana haki, wai na manta canjina. Na ce, "Baba, wannan gaskiyar taka za ta kai ka aljanna." Ya yi dariya yana share gumi da bakin rawaninsa. Ya ce a wajensu aiki ba ya sayen ceto, Almasihu ya riga ya yi fansa a kan gicciye, mutum kuwa ta wurin bangaskiya ake baratar da shi, wato a karɓe shi a matsayin mai adalci a gaban Allah, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki, Romawa 3:28. Na ce to gudun na mene ne? Ya ce Yakubu ma, a wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya rubuta cewa bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce.

Ni dai da lissafin lada na tashi. Har na hau raksha, wato babur mai ƙafa uku, ina juya kuɗin a hannu.