Wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga mutanen gida

Iyayena, yayyena da ƙannena na ƙauyukanmu na ƙasar Sumaila, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya sanyi? Na san yanzu dawa ta shiga rumbu, hunturu ya fara busa ƙura. Allah ya sa a ci lafiya.

Shekarata biyu ke nan a Masar ina karatun noman rani. A waya ba ma wuce gaisuwa da "yaushe za ka dawo", shi ya sa na zauna in rubuta muku abin da ke raina.

Kun san tambayar da muka tashi da ita. A mota ko a kasuwa, da ka ce kai Bahaushe ne kuma Kirista, sai a sake dubanka a ce, "To asalinku daga ina?" A sakandare, 'yan'uwa masu bi daga kudu ma sun sha tambayata yaushe na bar Musulunci. Alhali kakana Bamaguje ne, daga tsafin gidansu ya karɓi Bishara, kuma har ya mutu bai san wani harshe ba sai Hausa. Wannan abu ya daɗe yana cina, da shi na hau jirgi.

A nan Lahadi ranar aiki ce, muna aji. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, don haka majami'u kan cika ran Juma'a da safe. Juma'ar da na fara neman wurin sujada, na tarar da 'yan sanda a bakin layi, ga wani saurayi a ƙofa yana duba masu shiga. Kowa ya zo sai ya ɗaga hannun riga. Ashe yawancin Kiristocin ƙasar, Kibɗawa, suna da ɗan zanen gicciye a wuyan hannun dama, wasu tun suna jarirai aka yi musu, kamar yadda ake yi mana tsagar gado. Ni ba ni da shi, Larabcina kuma lokacin bai taka kara ya karya ba. Sai na ciro Littafi Mai Tsarki na Hausa na miƙa masa. Ya buɗe shafin farko na Farawa yana bin baƙaƙen da yatsa, har ya zo kan kalmar Allah. Ya ɗago kai ya ce, "Allah?" Na ce, "Allah." Ya kama hannuna ya kai ni har wurin zama.

A ciki na ga maza gefe, mata gefe, hayaƙin turaren wuta ya cika ɗakin. Mai zuwa karɓar Jibin Ubangiji sai ya tuɓe takalmi, mata su rufe kai. Suna fuskantar gabas, suna sa goshi a ƙasa. Wani ɓangaren addu'ar da tsohon harshensu na Kibɗanci ne, sauran da Larabci: Allah, Yasu'ul Masih, salama, rahama, gafara, kalmomin da Inna take furtawa kullum a addu'ar asuba. Na zauna hawaye na zuba. Mutanen nan ba Bature ne ya kawo musu bangaskiya ba. Bisa tarihinsu, Markus mai Bishara ne ya kafa ikkilisiyarsu a Iskandariyya tun ƙarni na farko. Mu cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, su kuwa sun doshi shekara dubu biyu suna kiran sunan Yesu a ƙasar kakanninsu, ƙarnuka da dama daga ciki tare da maƙwabta Musulmi, kuma duk wanda ya ce musu su baƙi ne sai su nuna masa wuyan hannu.

A tsohuwar Alƙahira, in ka sauka a tashar Mar Girgis, akwai majami'ar Abu Sarga. Ƙarƙashinta wani ɗan kogo ne da suke cewa a nan Yusufu da Maryamu suka fake da jariri Yesu sa'ad da suka guje wa Hirudus, labarin da muke karantawa a Matiyu sura 2. Na tsaya a kansa ina tunanin cewa Mai Cetonmu ma ya ɗanɗana baƙunci a Afirka. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa masallacin Amru bin As, masallaci na farko da aka gina a Masar.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne dutsen Muƙaɗɗam. Kafin ka hau sai ka ratsa unguwar masu kwasar shara, waɗanda ake kira zabbalin, galibinsu Kiristoci. Sharar birnin ce jibge a buhuna har saman benaye, mata da yara na tsince roba da kwali, ga wari ga ƙuda. Ka ƙara gaba kaɗan sai ga majami'a sassaƙe cikin dutse, mai cin dubban mutane. Wata tsohuwa da hannuwanta duk sun faffashe ta matsa ta ba ni wuri, tana rera yabo da dukkan ƙarfinta. Na tuna zumuntar matanmu da tulunansu na kiɗa, su ma daga gona suke wanko ƙafa su zo.

Azuminsu ma ya sa na binciki kaina. Yanzu haka suna cikin na kwana 43 kafin Kirsimeti, wadda suke yi ran 7 ga Janairu, kafin Ista kuma kwana 55. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, yawanci sai wake da ganye da gurasa.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. An sha yi mini ihu a titi saboda baƙar fatata, kuma watannin farko kaɗaici ya kusa mayar da ni gida. Kun san su wa suka riƙe ni? 'Yan Kano da Haɗeja masu karatu a Azhar. Ɗaya ya ji ina Hausa a waya cikin mota, ya ja ni ɗakinsu a Madinatu Nasr, aka tuƙa tuwo da miyar kuka. Sun san ni Kirista ne tun ranar. In lokacin salla ya yi su tashi, ni in jira, a dawo a ci gaba da hira. Da na kwanta zazzaɓi su suka kai ni asibiti. Naka sai naka. Ina roƙon samarinmu, kada zafin abin da wasu suka yi mana ya sa mu yanke zumunci da dangi da maƙwabtan da muke haƙa kabari tare.

Karatu ya kai ni kudu har Aswan, kwana guda a jirgin ƙasa. Ta taga za ka ga kore shar a bakin Nilu, ka ɗan ɗaga ido kuma sai hamada. Babbar madatsarsu an gama ta a 1970, tamu ta Tiga a 1974, amma yadda suke tattalin ruwa ya sa na riƙa tuna wanda ke malala a banza a Kadawa. Manomansu, Musulmi da Kirista, har yau da watannin Kibɗawa suke lissafin shuka: Ɗuba na sanyi, Amshir na iska. Zoɓo suna ce masa karkade, lalo kuwa shi ne mulukiyya, miyar da suke ji da ita.

Ga roƙona. Na ji an ce wasu matasanmu sun fara jin kunyar waƙoƙin Hausa a sujada, sai na Turanci, har sunan Hausa ba sa son sa wa 'ya'yansu. Don Allah a bari. Kibɗawa sun san sunayen shugabannin ikkilisiyarsu ɗaya bayan ɗaya har zuwa Fafaroma Tawadros na biyu, mu kuwa wanda ya fara kawo Bishara ƙauyenmu, yaranmu nawa suka san labarinsa? Ƙannena masu waya, a wannan hutun Kirsimetin ku zauna da tsofaffin da suka rage, ku ɗauki muryarsu: wa ya fara tuba, ƙarƙashin wace bishiya aka fara sujada, wace waƙa aka fara koya. Ku turo mini, ni zan rubuta.

A gaida Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, a gaida mai unguwa da liman. Inna, akwai mai zuwa nan bayan sabuwar shekara, a ba shi daddawa da kuka da ɗan yaji, har da rabon abokaina na Azhar.

Ɗanku a Alƙahira.