Hangen Gobe da Inda Yake Ɓatar da Matashi

Ƙannena, akwai wata shawara da ta cika wayoyinku, wadda mu ma aka ba mu muka karɓa hannu bibbiyu. Wai ka rufe ido ka ga ka riga ka zama abin da kake buri: ga ka cikin rigar yaye ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ga ka a bayan sitiyarin motarka ka ratso Ƙofar Ƙaura, mutane na ɗaga maka hannu. An ce in ka dinga ganin haka kullum, abin zai zo ya same ka har gida. Hangen zuci yana da amfani ƙwarai, kuma zan nuna muku yadda ake yinsa. Sai dai wannan salon da ake tallatawa shi ne ya ci wa da yawa daga cikin sa'o'ina shekaru, ni ma ban tsira ba, kuma dalilin cutarwarsa sananne ne, masana sun auna shi.

Gabriele Oettingen, farfesar ilimin halayyar ɗan Adam 'yar Jamus da ke koyarwa a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana bin wannan batu. A wani bincike da ta fitar a 2002, ta tambayi ɗaliban da ke gab da kammala jami'a yawan yadda suke saƙa wa ransu daɗin samun aiki. Da aka koma wajensu bayan shekara biyu, waɗanda suka fi nutsewa cikin wannan daɗi su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu ma ya fi ƙanƙanta. Daga baya, a 2011, ita da abokiyar aikinta suka gano cewa mutum in ya gama irin wannan mafarkin ido biyu, kuzarinsa sauka yake yi, har a awon hawan jini ana gani. Zuciya ta ɗanɗani ladan tun kafin aiki, sai jiki ya saki kamar wanda ya riga ya iso. Bahaushe ya riga ya faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To me za a hanga? Aikin kansa. A 1999, Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun raba ɗaliban da jarrabawa ta matso musu. Wasu aka ce kullum su ɗauki minti biyar suna ganin sun ci maki mai kyau. Wasu aka ce a minti biyar ɗin su ga kansu suna karatu: inda suka zauna, lokacin, littafin da suka buɗe, yadda suka ƙi biye wa abin da zai ɗauke musu hankali. Masu hangen karatun suka fi yin karatu da gaske, suka fi cin maki. Masu hangen sakamakon kuwa karatunsu ragewa ya yi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan bambancin ya tsaya.

Fara da rubuta burinka a takarda, jimla ɗaya, wadda ke ɗauke da aiki da lokaci. "Ina son in yi kuɗi" ba buri ba ne da za a iya hangowa, don babu abin da hannu zai kama a ciki. Amma "nan da Babbar Sallah ta baɗi ina son in iya ɗinka kaftani ni kaɗai, daga awo har guga" yana da hoto, yana da ranar da za a tuhume ka. Kuma buri ɗaya ne a lokaci guda. Mai son ya haddace Alƙur'ani, ya koyi gyaran waya, ya ci jarrabawar shiga jami'a, ya buɗe kiwon kaji duk a shekara ɗaya, yawanci sai shekarar ta ƙare yana kan farkon kowanne.

Sannan, kafin ka rufe ido, buɗe shi ka je ka gani. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma ni a ganina ya fi sauran nauyi. Zuciya ba ta iya zana abin da ido bai taɓa gani ba, sai dai ta aro daga hotunan waya, su kuwa ƙarshen aiki kawai suke nunawa. Nemi wanda ke yin sana'ar da kake so, ka je ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya bar ka ka wuni tare da shi a ranar da ba ta biki ba. Ka tambaye shi abu uku: me ya fi ƙi a aikin, me ya koya a shekarar farko, wace takarda ko wane kayan aiki ne ba a shiga sai da shi. Mai son likitanci zai ji cewa shekara shida ce a jami'a, kuma sai da kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai son aikin lauya zai ji cewa yawancin jami'o'i suna neman adabin Turanci, darasin da yara da yawa ke watsarwa tun ajin farko na babbar sakandare, su gane kuskuren bayan sakamako ya fito. Mai son aikin jinya za ta ji labarin aikin dare. In ka ga aikin a ranar wahalarsa kuma har yanzu ranka yana so, to burinka ne. In kuwa rigar da sunan kawai kake so, gara ka sani tun yanzu.

Zaman hangen kansa minti biyar ne zuwa goma, ba ya wuce haka. Lokacin da ya fi dacewa bayan sallar asuba da azkar, kafin hannu ya kai kan waya. Minti ɗaya kacal za ka ba sakamakon, don ka tuna abin da ya sa kake wahala. Daga nan ka juya kan cikas, sannan dabarar da za ka fuskance shi da ita, sauran lokacin kuma ka bi aikin yau daki-daki. Jerin yana da muhimmanci: sakamako tukuna, cikas ya biyo baya, don zuciya ta haɗa su ta gane cewa wannan ne ya tare wancan.

Ka hango da idonka, kana cikin jikinka, kada ka kalli kanka daga nesa kamar a fim. Kuma ka bi abin da saurinsa na gaskiya. Ɗauki mai shirin jarrabawar JAMB. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. To ka ga kanka a layin duba yatsa, na'ura ta ƙi karɓa saboda gumi, ka goge yatsan a riga ka sake ɗorawa. Ka ji sanyin ɗakin, ka ji ƙarar madannai ta ko'ina, ka ga agogon allo yana cin lokaci. Tambaya ta bakwai ta zo ba ka san ta ba, gabanka ya faɗi. Me hannunka zai yi? Ka ga ka danna harafin N ka wuce tambaya ta gaba, da niyyar danna P ka dawo baya in lokaci ya rage. Wanda ya bi wannan a zuci sau da yawa, ranar da abin ya faru da gaske ba ya zama minti uku yana zare ido a kan tambaya ɗaya. Haka mai koyon ɗinki: ya ga shaddar mutane shimfiɗe a tebur, ya ga ya sake duba awon kafaɗa a littafi kafin ya ja alli, ya bar wurin ɗinki a gefe, sannan almakashi ya shiga. Yankan da aka yi a zuci ba ya ɓata yadin kowa.

Manyan 'yan wasa haka suke yi, kuma ɓacin rana suke haɗawa a ciki. Michael Phelps, Ba'amurken nan mai ninƙaya, kocinsa ya saba masa da bin tseren a zuci kafin barci da bayan tashi, har da abin da zai yi in wani abu ya lalace. A gasar Olamfik ta 2008 a Bejin, gilashin idonsa ya cika da ruwa a tseren mita 200, ya daina gani. Sai ya koma ƙirga bugun hannunsa, ya ci zinare, ya kafa sabon tarihin duniya.

Wajen zaɓen cikas ake yawan yaudarar kai. In aka tambayi matashi me ya tare shi, sai ya ce rashin wuta, tsadar rayuwa, rashin uwa a gindin murhu. Duk gaskiya ne, ba na musu. Amma cikas ɗin da za ka saka a wannan zama shi ne wanda ke hannunka: majalisar bayan isha'i da ke kai ka sha biyun dare, gidan kallon ƙwallo, wayar da ka ɗauka don duba abu ɗaya ka ajiye bayan awa biyu, kunyar tambayar maigida abin da ba ka gane ba. Ka kira shi da sunansa. Sannan ka ɗaure shi da jimla mai "idan" da "zan", dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999 kuma bincike da dama suka tabbatar da ƙarfinta. "Zan rage hira" ba ya aiki. Wanda ke aiki shi ne: "Idan aka sallame isha'i, zan fita ta ƙofar baya in wuce gida, ba zan bi ta gaban mai shayi ba." Ko: "Idan aka ɗauke wuta, zan kunna fitilar da na yi caji da rana in yi tambayoyi 20 na shekarun baya." Amfaninta shi ne ka riga ka yanke shawara tun kana da ƙarfi, don haka lokacin da gajiya ta zo babu sauran muhawara da zuciya.

Ke kuma ƙanwata, sau da yawa babban matakinki magana ce da manya: neman izinin ci gaba da karatu, ko sanya sharaɗin makaranta kafin a tsayar da maganar aure. Ita ma ana hango ta. Ki zaɓi lokacin da Baba ya huta, ki san ko ta bakin Inna ko Kawu ya fi dacewa maganar ta fara shiga, ki ga kin durƙusa kin gaishe shi, ki ji kalmominki na farko. Ki tanadi amsar tambayoyin da kin san za su zo: kuɗin daga ina, wa zai riƙa kai ki, ina za ki zauna. Wadda ta zo da amsa a shirye ana sauraronta dabam da wadda ta zo da kuka.

Kada ka yi shelar burinka. Annabi Yaƙub ya hana Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare su, ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, saboda makircin da hassada ke haifarwa. Akwai kuma dalili na biyu da Gollwitzer ya nuna a 2009: ɗaliban da wasu suka san niyyarsu sun fi sassauta aiki, domin da zarar an fara kallonka a matsayin abin da kake son zama, sai ka ji kamar ka zama. Yaron da abokai suka fara kira "Dakta" tun bai ci jarrabawa ba, an rage masa yunwar abin. Mutum ɗaya ya isa, malami ko yaya, wanda zai tambaye ka abin da ka yi a makon nan kuma kana jin nauyin yi masa ƙarya.

Batun lokaci kuma, zuciya ba ta iya lissafinsa. A wani bincike a Kanada a 1994, ɗalibai sun ƙiyasta kwana 34 za su gama kundin digirinsu, ya ɗauke su wajen kwana 55. Don haka duk wa'adin da ka yanka, ƙara masa rabinsa. Sabon hali ma ba ya zama jiki cikin mako uku kamar yadda ake yaɗawa: binciken da aka yi a Landan a 2009 ya samu tsaka-tsakin kwana 66, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Abu ɗaya da nake roƙonku ku yi watsi da shi gaba ɗaya shi ne da'awar cewa tunani yana jawo arziki da kansa. Ba ta da hujja a kimiyya, ta kuma saɓa wa abin da muka yi imani da shi. Muninta ma shi ne tana ɗora wa talaka da marar lafiya laifin halin da suke ciki, wai ba su yi tunani mai kyau ba. Arziki na Allah ne, namu shi ne riƙo da sababi, kamar yadda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Hangen zuci sababi ne ƙarami mai taimaka wa babba. Ko a gwajin da aka yi a Amurka a 1995, inda masu koyon fiyano (abin kiɗa mai madannai) a zuci suka nuna canji a ƙwaƙwalwa irin na masu koyo da hannu, masu taɓa fiyanon sun fi iya kiɗin bayan kwana biyar. Minti biyar na hange, awanni na aiki.

Wani zai ce shi in ya rufe ido ba ya ganin komai sai duhu. Akwai mutane haka, halitta ce, ba ciwo ba. Irin wannan sai ya rubuta matakan a takarda ko ya faɗe su a hankali da baki, amfanin ɗaya ne.

Kowace Juma'a da yamma ka buɗe takardar, ka rubuta adadi a ƙasan burin: tambayoyi nawa ka amsa, riga nawa ka yanka, naira nawa ka zuba a adashin keken ɗinki. In mako uku suka wuce a jere babu abin rubutawa, ɗayan biyu ne. Ko dai cikas ɗin da ka ambata ba shi ne na gaskiya ba, sai ka sake nema ka sauya jimlar "idan". Ko kuma burin ba naka ba ne, ko ya fi ƙarfin halin da kake ciki a bana, sai ka koma wajen mai sana'ar nan da ka wuni da shi, ka tambaye shi wane ƙaramin mataki ne za a iya kammalawa cikin wata uku, ka goge tsohuwar jimlar ka rubuta wannan.