Tsanin U-110 da rigimar da muka sha ni da ƙanena

Ƙanena gwani ne a zanen katun a kwamfuta, ni kuma rubutu ne abin yina. Bara muka ce bari mu haɗa hannu mu yi ɗan fim na minti 20 a kan yadda sojojin ruwan Ingila suka kama U-110, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, ranar 9 ga Mayu, 1941. A cikinsa suka tsinci na'urar Enigma da littattafanta, wadda Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita.

Tun daren farko muka saɓa. Ya karanta rubutuna, ya ajiye.

"Yaya, ina faɗan? Akta ya shiga jirgi bai harbi kowa ba, bos kuma ya mutu tun kafin a hau. Wa zai kalli wannan?"

Ban da ta cewa, don haka abin ya faru. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Aubrietia ya yi wa U-110 ruwan bama-bamai masu fashewa a zurfi har ya taso dole. Jamusawan suka yi tsalle cikin teku, suna zaton jirginsu zai nitse. Kwamandansu, Lemp, bai tsira ba. Kyaftin ɗin Bulldog, wani jirgin yaƙin Ingila, ya taho zai banke U-110, sai ya fasa, ya tura wani ƙaramin hafsa ɗan shekara 20, David Balme, da mutum takwas a kwalekwale. Suka tarar ba kowa.

Na bi ra'ayin ƙanena. Na ɓoye Jamusawa uku a ɗakin inji, na sa aka yi musayar wuta, har da bam mai agogo. Ya zana sama-sama, muka nuna wa abokai, suka yi ta shewa. Sai wani ya juyo ya ce, "Malam, ashe haka aka yi?" Na yi ta kame-kame. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya ƙara ci mini rai shi ne na daɗe ina kushe fim ɗin U-571 na shekarar 2000 a kan irin wannan laifi. Can aka nuna Amurkawa ne suka ƙwato Enigma a 1942, alhali lokacin da Balme ya hau U-110 Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba, sai Disamba 1941. Magana ta kai majalisar Birtaniya, Firaministan lokacin Tony Blair ya yarda cewa cin fuska ne ga matuƙan ƙasarsa. A 2006 David Ayer, ɗaya daga marubutan fim ɗin, ya amsa cewa murɗe tarihi suka yi don 'yan kallon Amurka. Laifi tudu ne, ga ni na taka nawa ina hango na wani.

Na koma na karanta abin da Balme ya faɗa da bakinsa, a nan na ga abin da na tsallake. Mai sauka tsanin jirgin sai ya riƙe da hannu biyu. Ke nan dole yaron nan ya mayar da libarbarsa kube, ya fara tura ƙafafunsa cikin rami mai duhu, bai san ko akwai mai jiran sa a ƙasa ba, bai san ko an ɗana nakiya ba. Da ya dira, sai wata shuɗiyar fitila da shiru. Na rubuta wannan sin ɗin babu kiɗa, babu magana, sai numfashinsa da ƙarar takalmi a kan ƙarfe da ruwa yana dukan jikin jirgi. Daƙiƙa 90. Da ƙanena ya gama zana shi, muka sake tara abokan nan. Ba wanda ya yi shewa, ba kuma wanda ya taɓa wayarsa.

Ba wai ban taɓa tarihin ba. Awannin da suka yi suna miƙa littattafai da taswirori hannu da hannu zuwa sama, na matse su cikin minti huɗu. Mutum takwas na mayar da su uku, don mai kallo ba zai riƙe fuska takwas ba. Hirarsu duk ni na ƙaga. Abin da na gane shi ne ana iya gajarta lokaci, ana iya haɗe mutane, amma ba a ƙwace aiki daga hannun wanda ya yi a ba wani, ba a kuma ɗora wa matattu abin da ba su aikata ba. Jamusawa ukun nan da na ɓoye, a zahiri suna cikin ruwan sanyi suna neman ransu.

Mun kuma yi jayayya kan gudu. Ƙanena ya zana U-110 yana sheƙawa a ƙarƙashin ruwa kamar kifi. Irin jirgin nan in ya nitse batir yake amfani da shi, gudunsa bai wuce kilomita 14 a awa ba, kamar mai keke ba ya sauri, in kuma ya dage a haka batirin ba ya jimawa. Galibin tafiyarsa a saman ruwa yake yi da injin dizal. Muka rage gudun, sai tsoron ya ƙaru, don mai kallo ya ga ba wurin tsira.

Wuri ɗaya ya kayar da ni. Ya dage sai bama-baman sun riƙa tartsatsin wuta ja a cikin ruwa. Na ce ba haka suke ba, ya ce, "Yaya, ka bar min wannan, kai ma na bar maka tsaninka." Na bar masa.

Fim ɗin ya ƙare inda labarin ya ƙare: washegari, ana jan U-110 zuwa Ayislan, ya nitse, Jamusawa kuma ba su san an kwashe kayan cikinsa ba. Sin ɗin harbe-harben yana nan a kwamfutar ƙanena, ya ƙi gogewa. Wai zai sa shi a wani fim da ba a ambaci sunan kowane jirgi ba.