Takunkumin Mama

Yau ina gyaran akwati na ci karo da wani tsohon takunkumin yadi, sai maƙwabciyarmu ta faɗo min a rai. A Maris ɗin 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, kowa cewa yake tsofaffi su lafe a ɗaki, don su cutar ta fi kayarwa. Ita kuwa ta haura saba'in, ga ciwon suga.

Ba ta fita ba, amma ba ta naɗe hannu ba. Ta jawo kekenta na ɗinki, tana ɗinka takunkumi tana ratayewa a ƙofa, mai buƙata ya ɗauka. Da yamma kuma sai ta bi sa'anninta da ke zaune su kaɗai da waya, ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa ce mata ta taga, "Mama, ki huta mana." Ta ce, "Ɗana, in na daina, tsoro ne zai cinye ni. Kuma ni ma an yi min a baya."

Zaren jikin nawa launi biyu ne. Na farkon ya ƙare mata a tsakiya, ba halin fita sayo wani.