Yini Guda a Tafkin Uzungol

Sarin kaya ne ya kai mu Istanbul ni da yayata. Da muka gama da shagunan Laleli aka miƙa kaya ga masu kago, sai ga 'yan kwanaki sun rage mana kafin ranar tashi. Wani mai shago da muke ciniki da shi, mutumin Trabzon, shi ya matsa sai mun je yankinsu mun ga Uzungol. Daga Istanbul zuwa Trabzon, a bakin Bahar Aswad, jirgi ba ya cika awa biyu. Daga nan zuwa tafkin kusan kilomita 100 ne a mota.

Sammako muka yi. Da farko teku na hagunmu, muka wuce Surmene, garin maƙeran wuƙa. A garin Of mota ta karya kwana ta shige cikin duwatsu tana bin kogin Solakli. Gonakin shayi ne manne a jikin gangare, har ka rasa yadda masu tsinkar ganyen ke samun wurin tsayawa. Yaya ta riƙe kujerar gaba tamau, kowace kwana sai ta yi salati.

Tafkin yana wajen mita 1,100 sama da teku, kuma zaftarewar dutse ce ta toshe rafin Haldizen ruwa ya taru. Ba wani babba ba ne, tsawonsa kamar kilomita ɗaya. Abin da ke jan mutane shi ne inda ya kwanta: duwatsu kore shar sun rufe shi ta ko'ina, ga farin masallaci mai hasumiya biyu a bakin ruwa.

Direbanmu ya hana mu sauka a bakin ruwan. Da hannu da guntun Larabci ya nuna mana cewa a fara hawa sama, kasuwa ba za ta gudu ba amma hazo ba ya jiran kowa. Ya kai mu wani dandali a kan tudu inda ake hango tafkin da garin gaba ɗaya. Duk hoton Uzungol da ka taɓa gani a waya, daga irin wannan wurin aka ɗauke shi. Gaskiyarsa kuwa, domin muna idar da azahar hazo ya sauko da yayyafi, waɗanda suka iso a manyan motocin yawon buɗe ido suka hau tudun ba su ga komai ba sai fari. Ruwan alwalar masallacin nan ma sai da ya sa haƙorana kaɗawa, alhali bazara ce a wurinsu. Wanda zai je ya riƙe rigar sanyi da lema ko da wane wata ne.

Kasuwar ta zagaye gefen tafkin, allunan shaguna da yawa da Larabci, saboda Larabawan Saudiyya da Kuwait da makwabtansu sun mayar da wurin gida. Larabcin Islamiyya ya fi Turanci yi mana amfani. Sai dai ɗan kasuwa ba ya ajiye idonsa a gida. Yaya ta ɗaga wani gyale, ta juya bakin ɗinkin, ta ce, "Ke, wannan ai dozin-dozin muka ɗauka shekaranjiya." Na ce, "Yaya, rage murya, mai shagon na kallonmu." Rabin kayan irin na Istanbul ne aka ɗora wa kuɗin kallon ruwa. Abin da ya cancanci saye shi ne na yankin: ganyen shayin Rize, 'ya'yan itacen findik da ake sawa a cakulan, wuƙar Surmene, da keshan, mayafin nan mai ratsin ja da baƙi da matan ƙauyukansu ke yafawa. Zuma kuwa kusan kowa cewa yake tasa ta Anzer ce, wani yankin tsaunuka a lardin Rize da zumarsa ta yi suna, alhali ta Anzer ɗin kaɗan ake samu a shekara kuma tsadarta ba ta wasa ba ce. Mai araha da wannan suna, a ɗanɗana a yi godiya a wuce.

Abinci ne ya biya mu wahalar hanya. Ba fargabar halal, ka zauna kawai. Kifin ruwan sanyi da suke kira alabalik aka gasa mana da man shanu a kaskon yumɓu, yana zuwa yana tafasa. Sai kuymak: garin masara da man shanu da cuku, kamar talgen tuwo da aka narka wa cuku, in ka ɗaga cokali ya biyo ka yana zare. Da burodi ake dangwala, kuma ba ya son jira, yana hucewa ya daskare. Muka rufe da sutlach, shinkafa da madara da aka gasa samanta, da shayi ba madara a 'yan ƙananan kofunan gilashi. A nemi takardar farashi kafin a zauna, domin teburin da ke bakin ruwa da wanda ke layin baya ba kuɗinsu ɗaya ba, kifin kuwa ɗaya ne.

Abin da bai yi mini ba shi ne gine-gine. Tun 2004 gwamnatinsu ta sa wurin cikin yankunan da ake kare muhallinsu, amma otal-otal na katako sun hau kan juna, an kuma yi wa bakin ruwan katanga. Daga ƙasa, hayaniyar motoci da masu kiran ciniki ta fi ƙarar ruwa.

Muka kama hanya kafin magariba, don Yaya ta rantse ba za ta bi kwanonin nan cikin duhu ba. A masauki muka cusa wuƙaƙen cikin babban akwati, tunda ba a shiga jirgi da su a jakar hannu.